Baba Ya Tafi Dogo

Litinin, 11 ga Yuli 1960, da hantsi

Baba ya tafi Dogo duba gona. Haka Inna ta ce ni da ƙanwata Balki mu riƙa faɗa wa duk wanda ya yi sallama. Tun safe nake zaune a zaure ina faɗa, har bakina ya saba. Mutum ya shigo yana sosa ƙeya, ya dubi tabarmar da Baba yake zama ya yi aski, ya dube ni, in ce ya tafi Dogo. Ya ce Allah ya dawo da shi lafiya. In ce amin.

Dogon nan kuwa tana bayan madafa, ɗakin da muke ajiye hatsi. Ba a hawa jaki zuwa can. Ni na ɗauke shi na kai shi ranar Juma'a, bayan ya faɗi a bakin randa. Ban taɓa zaton mutum mai faɗa irin nasa ba shi da nauyi haka ba.

Wannan kaye, littafin rubutuna, na saye shi ne don labarin Illa. Na juya shi ta baya ina rubuta wannan, don yau Illa ya ƙi yi mini magana.

Talata, bayan azahar

Illa ya dawo. Na rubuta shafi guda ban ɗaga kai ba.

Ko da wani zai tsinci kayen nan wata rana, Illa yaro ne ɗan shekara tara wanda ya hau babban dutsen da ke bayan unguwarmu a Birni, ya ƙi saukowa. Tun ina lakwal, makarantar Nasara, na fara shi. Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya rubuta da Faransanci abin da yake so ya zama in ya girma. Wannan ya ce kumandan, wancan ya ce lokotoro, wato likita, ni kuwa na miƙa takarda fara fat, na sha bulala, na dawo gida na fara Illa da Hausa. Yau ni na kai sha tara, shi yana nan a taransa. Ƙadangaru ne fadawansa, kome ya ce sai su gyaɗa kai. Shaho yana sato masa tsire daga kasuwa. Ba mai aikensa, ba mai ce masa yaushe za ka yi hankali.

Zabirar Baba, jakar askarsa, tana nan rataye a ƙusa, saitin kaina. Duk sanda na motsa sai in ji ƙamshin fatarta.

Alhamis, da la'asar

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ba ta ma yi mini magana kai tsaye, sai ta bi ta kan Balki ko ta kan bango. Yau ina tsaye ina shan ruwa ta ce wa Balki: "Ki faɗa wa wancan, gidan da ya kira wani wanzami sau ɗaya ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Kakanku ne ya aske kakanninsu. In aka ji hannun babanku ya mutu, kafin Juma'a an raba gidajen nan kamar naman layya."

Balki ta juyo ta ce, "Yaya Alkasum, ka ji an ce in faɗa maka."

Na ce na ji. Na ce ai hannun zai tashi. Ba wanda ya ce amin da ƙarfi.

Juma'a

Ban taɓa zabirar ba.

Asabar, da hantsi

Wanzam Tanimu ya zo. Shi ne mai aski a gindin tsamiya ta can gangare, shekara da shekaru shi da Baba suna gaisawa da baki kawai. Ya shigo da goro biyu da fara'a fiye da kima.

"Ɗana, ina Mai Nasara? Kwana biyu ban ji tarinsa a masallaci ba."

"Ya tafi Dogo, Baba Tanimu."

"Dogo. To, madalla. Gero ya yi kyau can, an ce." Ya ɓantari goro, idonsa ya hau bango ya tsaya. "Ikon Allah. Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa ganin wanzami ya yi tafiya ya bar zabirarsa ba. Ko makewayi ne, da kyar."

Na ce mantuwa ya yi. Ya ce lallai tsufa ya zo. Ya bar mini goron ya fita yana murmushi.

Mu uku muka shirya ƙaryar nan, muka ɓoye takalmansa, muka ɓoye sandarsa, har akuyarsa Inna ta sa aka kai maƙwabta, amma ba wanda ya tuna da zabira. Ta daɗe a ƙusar nan har mun daina ganinta. Inna ta ce wa tukunya, "Ko a ɓoye ta, ko a rataya ta a kafaɗa, ɗaya dai." Na zaɓi ɓoyewa. Yanzu tana ƙarƙashin gadona, ni da ita muna kwana ɗaki ɗaya kamar waɗanda suka yi faɗa.

Litinin, 18 ga Yuli, bayan magariba

Garin nan ya haukace da zancen mulkin kai. An ce farkon watan gobe Faransa za ta ba mu ƙasarmu. Teloli suna ɗinka tuta, 'yan lakwal suna ta maimaita waƙa guda a fili har kunnena ya gaji. Kowa yana son ya shiga bikin da sabon aski. Na wuce ta gindin tsamiya, na ga layi. Na gane ƙeya uku daga cikin namu. Ɗaya ya gan ni, ya sunkuyar da kai kamar yana neman abu a ƙasa.

Aski na bakin hanya ba komai ba ne, in ji Inna. Suna ne magana. Wanda ya aske jariri ranar suna ya yi masa tsagar gidansu, shi ne wanzamin gidan har illa masha Allah. Kuma cikin Kaltuma, matar Alhaji Mustafa mai gyaɗa, ya tsufa. In gidan Alhaji ya tafi, rabin unguwa za ta bi shi.

Ina ruwana. Na sa Illa ya koya wa ƙadangaru sallah yau. Sun iya sujada, zaman tahiya ne ya gagare su.

Laraba, da hantsi

Na kai kunu Dogo. Rabi yana shiga, rabi yana biyo gefen baki, ina sharewa, muna yi kamar ba mu gani ba. Gashi ya fito masa, fari, a kai da haɓa. Ban taɓa ganin gashin Baba ba tun da nake. Kowace Alhamis shi yake aske kansa da kansa, ba madubi. Yanzu ga shi kamar wani baƙo da ya kwana a tasha.

Shirun ɗakin ne ya fi ƙarfina. Da can shi ne mai magana, aska na tafiya baki na tafiya, har mai aski ya manta da akwai ƙarfe a wuyansa. Sai na ɗauko kayen nan na karanta masa Illa. Ban taɓa karanta wa kowa ba. Ya rufe ido. Ban sani ba ko barci ne ko gudun ganina.

Alhamis, bayan azahar

Na sake karanta masa. Da na tsaya, ya buga tabarma da hannun hagu. Na ci gaba.

Ashe Balki tana laɓe a bakin ƙofa. Da na fito ta ce, "Yaya, tambaya gare ni. Duk shekarun nan da Illa yake kan dutse, wa yake yi masa aski?"

Na ce a kan dutsen nan gashi ba ya tsiro.

Ta dube ni, ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, tana cewa, "Ɗan wanzami! Wayyo ɗan wanzami!" Ta yi ta yi har hawaye suka zo, daga baya kuma na ga hawayen ba na dariya ba ne. Ta shige madafa. Na ji haushinta ƙwarai, kuma har yanzu ina ji.

Asabar

Ruwa tun asuba. Rairayin lungu ya zama taɓo. Ban rubuta komai ba.

Lahadi, da la'asar

Ƙafata ta ƙi zama. Na fita ta ƙofar gari har tasha, na tsaya ina kallon kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Takieta da gaba. Direban ya ce, "Samari, tafiya?" Na ce a'a, ina jiran wani ne. Na jira har ya cika ya tashi. Da takardar lakwal da nake da ita, an ce a Yamai ana neman masu rubutu a biro, wato ofis, kamar ruwa a jallo. To can ma ai sai a ce mini ga kujerarka, ga aikinka, ka zama mutum.

Daga nan na hau dutsen. Rabon da in hau tun ina yaro. Kashin awaki na tarar da fasasshen tulu. Ƙadangare ɗaya ya gyaɗa mini kai ya gudu. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne, daga can sama ana hango gidanmu sarai, har rufin ɗakin hatsi, har Inna tana shanya zanen da ta wanke masa. Wato duk shekarun nan Illa yana gani.

Litinin, da hantsi

Na fito da zabirar. Na wasa aska ɗaya a dutsen washi, na goge a fata. Na samo duma na shafa masa ruwa, kamar yadda Baba ya koya mini kafin a kai ni lakwal. Hannun bai manta ba, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Kan babba ba ya gagarata.

Amma duma ba shi da maɗiga. Ina ɗan shekara tara Baba ya tafi da ni wani suna in riƙe masa ƙwaryar ruwa. Na ga tsakiyar kan jaririn tana bugawa, tana sama tana ƙasa, fata kawai ba ƙashi, aska kuma tana wucewa ta kai. Na ajiye ƙwaryar na ruga. A kan dutse aka same ni da magariba. Baba bai dake ni ba, bai kuma sake tafiya da ni suna ba. Da aka zo neman yaran da za a ba Nasara su yi lakwal, kowa yana ɓoye nasa, shi ya kama hannuna ya kai ni da kansa.

Na mayar da zabirar ƙarƙashin gado.

Laraba, 27 ga Yuli, bayan azahar

Guɗa daga gidan Alhaji Mustafa. Namiji.

Alhamis, da la'asar

Alhaji ya zo da kansa, da goron suna a hannu. Ya ƙi zama.

"Malam Alkasum, a aika Dogo. Laraba mai zuwa ne suna, ga shi ya faɗo ranar bikin ƙasa. Mai Nasara ne ya yi wa ubana aski har ya rasu, ni ma shi ya yi mini tsagar nan." Ya taɓa kumatunsa. "Ba na son baƙon hannu a kan ɗana. Amma in la'asar ta Talata ta yi ban gan shi ba, ka san jariri ba ya jira."

Na ce in sha Allahu yana hanya. Ya dube ni kallon da ake yi wa wanda aka san yana ƙarya amma ana jin nauyin ubansa. Ya ce, "Tanimu ya aiko mini da barka tun jiya."

Juma'a, bayan masallaci

Faɗa. Inna ta ce wa turmi wai akwai masu cin tuwon aska suna ƙyamar aska. Na ce wa turmin, da ƙarfi, ba ni na ce a haife ni a gidan wanzamai ba. Ban taɓa mayar mata da magana ba sai yau. Ta tsaya da taɓarya a sama, sannan ta ci gaba da daka.

Balki ta biyo ni zaure. "Yaya, ƙasa guda ma an ce ta girma za a sakar mata kanta. Kai ne sai yaushe?"

Na ce ta fita. Ta ce, "Zan fita. Amma ka sani jiya Baba ya yi ta nuna mini kansa da hannu yana ƙoƙarin magana. Ƙaiƙayi yake masa. Wanzamin Birni, ƙaiƙayin gashi ya hana shi barci, ɗansa kuma yana koya wa ƙadangaru sallah."

Asabar

Na zauna in rubuta Illa. Ya juya mini baya.

Lahadi

Ya juya mini baya.

Litinin, bayan magariba

Na sa Illa ya sauko daga dutse. Na rubuta yadda ya sa ƙafa a ƙasa, na karanta, ƙarya ce tsagwaronta, na soke. Na sa ya yi fiffike ya tashi, wannan ta fi ta farko muni. Na soke. Ina tsoro, shi ke nan, na rubuta. Ina tsoron kan jariri, ina tsoron Alhaji, kuma abin da na fi tsoro shi ne in yi aikin ya yi kyau, a ce shi ke nan ya zama wanzami, daga nan har kabari.

Talata, 2 ga Agusta, bayan magariba

Hannuna yana ciwo amma sai na rubuta.

Da hantsi na shiga da kunu da kaye. Na buɗe zan karanta, Baba ya miƙo hannun hagu ya kama wuyan hannuna. Ashe akwai sauran ƙarfi. Ya ja hannun ya ɗora a kansa, a kan gashin nan, ya riƙe. Na tashi na ɗauko zabira.

Na jingina shi da buhun gero, na jiƙa kan. Da na ɗora aska sai hannun ya kama rawa, har ina jin ƙarfen yana karkarwa a fatarsa. Na ɗaga. Na sake ɗorawa, haka. Sai bakinsa ya motsa, da kyar, kamar mai tauna tsakuwa: "Illa."

Na ce kayen yana ƙasa, hannuna duka biyu suna aiki. Ya sake cewa, "Illa."

Sai na fara da ka. Na ba shi labarin ranar da shaho ya sato ƙafar rago ta yi masa nauyi ya sake ta a kan liman. Ban taɓa rubuta wannan ba, nan take ya zo. Baki na tafiya, aska na tafiya. Ban san sanda na gama gefen dama ba. Da na zo bayan kunne na ji kafaɗarsa tana girgiza, na tsorata na ɗaga aska, ashe dariya yake yi da rabin baki.

Na gama kai, na gyara gemu, na wanke. Baba ya fito daga cikin baƙon nan. Ya shafa kansa da hagu a hankali, daga goshi har ƙeya, yadda yake yi wa aikin almajiran sana'a yana neman inda aka bar gashi. Ya shafa sau biyu. Bai samu ba.

Ina tattara gashin na ce, ba tare da na dube shi ba, "Baba, zan sauko da Illa. Na san abin da kuke so ke nan."

Ya daɗe yana haɗa maganar. Ya ce, "Bar shi can." Ya huta. Ya ce, "Ɗaya ya sauko, ya isa."

Ban iya ɗaga kai ba.

Sai ya nuna ƙofa ya ce, "Zaure." Inna tana bakin ƙofa, karon farko ta yi magana ba ta bi ta kan kowa ba, ta ce, "Malam, za a gani!" Ya ce, "A gani." Na ɗauke shi na kai shi tabarmarsa. Na kawo hula, ya ture ta. Ya zauna kai a buɗe, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba, ƙofar zaure a wangale. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Wasu suka yi salati, wasu suka shigo gaisuwa suna kawar da ido. Mutumin da ko mura ba ya yarda a san yana yi. Na so ƙasa ta tsage in shige, shi kuwa ko gezau.

La'asar ta yi, Alhaji Mustafa ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi hannun, ya dubi bakin, ya ce, "Sannu da dawowa daga Dogo, Baba." Sai idonsa ya hau kan. Ya matso, ya zagaya ta baya, ya duba har bayan kunne. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Baba ya ɗaga haɓa ya nuna ni.

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Gobe bayan asuba. Uku-uku ne tsagarmu, ka dubi tawa da kyau."

Na duba.

Laraba, 3 ga Agusta, da la'asar

An yi. Sunan yaron Zakari.

Maɗigar tana nan tana bugawa kamar yadda na bar ta shekara goma da suka wuce. Na sunkuya na faɗa masa labarin shaho a kunne, a hankali yadda ba mai ji sai shi. Tsofaffin mata suka ɗauka addu'a nake yi, suna ta amin. Bai yi kuka ba sai wajen tsaga. Ni ma ban yi ba sai da na fito lungu.

Gari duk ganguna da tuta, mutane suna ta kwarara fili. Ni kaɗai nake tafiya baya-baya da su, zabira a kafaɗa, ƙafar rago a hannu. Wani dattijo da ban sani ba ya ce, "Sannu, wanzam, Juma'a kana nan?" Na waiwaya ina neman wanda yake nufi.

Da na shiga gida Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Balki, a ba wanzam ruwa ya wanke hannu." Na matsa gefe don ta wuce zaure wajen Baba, sai Balki ta tsaya a gabana da buta.

Hanyar dawowa ta bi ta gindin dutsen. Ban ɗaga kai ba. Na san Illa yana can, ƙafa na lilo, yana kallona ina wucewa da jakar.

Rubutun baya ya kusa cimma na gaba. Takarda ɗaya ta rage tsakanina da Illa, kuma zan bar ta fara. Bari in tashi in wasa aska kafin rana ta faɗi.